Ba Guba Ba Ce: Kira Ga Masu Karnuka A Wanke Da Kewaye

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce bai kai a ɓata tawada a kansa ba, wato maganar karnuka. To, wanda ke kwana cikin birni bayan katanga da fitila shi zai faɗi haka. Mu a nan Wanke da ƙauyukan da ke tsakanin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin garke, shi ke korar biri daga gona, shi ke bin mafarauci daji, kuma a wannan hali na rashin tsaro da muke ciki sau da yawa haushinsa ne ke fara tayar da mutane cikin dare. Malamanmu ma sun ce an halatta ajiye shi domin farauta da kiwo da gadin gona. Shi ya sa za ka tarar da gida guda da karnuka huɗu ko biyar, ban da 'yan kwikwiyo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata cuta da ke shiga irin waɗannan gidaje ta share karnuka ɗaya bayan ɗaya. Ɗan kwikwiyo zai kwana lafiya, gari ya waye ya ƙi cin abinci, ya lafe a gindin rumbu. Kafin yamma ya fara amai. Kashegari sai zawo kamar ruwa, gauraye da jini, da wani irin wari wanda duk wanda ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa. Ido ya faɗa, fata ta manne, cikin kwana biyu ko uku sai a ja shi a yar. Ba a rufa mako ba sai na biyu ya kwanta, sai na uku.

Da zarar haka ta faru, abin da ke fara fitowa daga bakin mai gida shi ne, "An sa musu guba." Daga nan sai a fara lissafin wanda aka yi cacar baki da shi a kan iyakar gona, ko wanda karen ya taɓa cinye wa kaza. Ni da idona na ga maƙwabta biyu, waɗanda iyayensu suka tashi tare, sun kai ƙara gaban mai unguwa a kan haka, har yau ba sa ga maciji. Jama'a mu ji tsoron Allah. Guba ba ta jiran mako guda kafin ta kama kare na biyu, kuma ba ta zaɓen ƙanana ta tsallake tsohon kare da ke ci a kasko ɗaya da su. Abin da ke yin haka cuta ce mai yaɗuwa, likitocin dabbobi suna kiranta fabo.

Na zauna da wani ɗan uwana da ya yi karatun likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, na yi masa tambayoyi har ya gaji da ni, ga abin da na fahimta. Wannan cuta ba tsohuwa ba ce, kakanninmu mafarauta ba su san ta ba. A shekarar 1978 ta bayyana, cikin shekara biyu kacal ta zagaye duniya tana kashe karnuka, kuma masana a Jami'ar Konel ta Amurka na cikin waɗanda suka fara gano ƙwayar suka haɗa mata allurar rigakafi. Ƙwayar bairos ce, tana cinye bangon hanji, ta kuma karya garkuwar jiki. Ta fi kama kwikwiyo daga mako 6 zuwa wata 6 da haihuwa. Daga ranar da ta shiga jiki zuwa ranar da alama za ta fito yakan ɗauki kwana 3 zuwa 7. In ba a yi magani ba, cikin goma tara na iya mutuwa, in kuwa aka samu kulawar asibiti da ƙarin ruwa da wuri, mafi yawansu suna tashi. Ba ta kama mutum, kuma ba ita ce ciwon haukan kare ba, don haka kada a ruɗe a fara bin karnukan unguwa da sanda.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ƙwayar tana fita ne cikin kashi, kuma kare yana fara zubar da ita tun kafin a ga ya kwanta, ya ci gaba da zubarwa har wajen kwana goma ko mako biyu bayan ya warke. Idan ta faɗi ƙasa ba ta mutuwa da wuri. Tana iya yin watanni, a wuri mai inuwa da laima ma har shekara. Ka tuna kuma tsakar gidajenmu ƙasa ce, ba siminti ba. Wato ke nan bayan ka yar da mushen ka share wurin da tsintsiya, cutar tana nan kwance a gindin darbejiya, da ƙarƙashin rumbu, da bakin randa inda ruwa ke zuba. Tana manne a takalminka, da tayar mashin ɗinka, da ƙafafun yaran da ke shiga gida gida. Mai gida da kansa zai iya kai ta gidan ƙanensa a Magami ko Kwatarkwashi ba tare da ya tafi da kare ko ɗaya ba.

Wannan ne ya sa nake ganin babbar asarar da ake yi ita ce ta gaggawar mayar da gurbi. Mutum ya rasa 'yan kwikwiyo uku, abokinsa ya tausaya masa ya aiko masa da wani kyauta, a ɗaure shi a turken da na farko ya mutu, a zuba masa tuwo a kaskon da na farko ya yi amai. Kwana biyar sai shi ma ya kwanta. Sai mai gida ya ce, "Kun gani ko? Ai na faɗa muku akwai mai bi na." Wallahi babu mai bin ka, malam, ƙasar gidanka ce. Gidan da fabo ta shiga ya haƙura da sabon kwikwiyo wata shida a ƙalla, in da hali ma shekara, sai fa in wanda za a kawo ya riga ya kammala alluransa. Na san wannan magana da ɗaci ga mafaraucin da ke son ya horar da yara kafin kaka ta wuce a shiga daji, to amma gara ka yi farautar bana da tsofaffi biyu da ka binne ƙanana shida.

To me za a yi ranar da aka ga na farko ya kwanta? A raba shi da sauran nan take, ba sai gobe ba. A kai shi wani lungu da sauran ba sa zuwa, da kwanonsa daban, mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, ya ajiye takalmi guda a bakin wurin wanda ba zai taka sauran gida da shi ba. Ya fara ba masu lafiya abinci, mara lafiya ya zama na ƙarshe, sannan ya wanke hannu da sabulu. Sauran kuma a ɗaure su a gida mako biyu, kada a bar su yawon bola, kada a fita da su farauta su cuɗanya da na mutane, domin babban kare na iya ɗauke da ƙwayar yana zubarwa alhali yana ta guje-gujensa lafiya lau.

Abin da ke kashe kwikwiyon shi ne ƙarewar ruwan jiki. Saboda haka wanda ke da halin kai shi asibitin dabbobi a Gusau a sa masa ƙarin ruwa, ya yi hakan a ranar farko. Wanda hanya ta hana shi, kuma mun san yadda hanyoyinmu suke, ya sayi ƙullin gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa, ya dama yadda aka rubuta, ya riƙa ɗura masa kaɗan kaɗan da sirinji marar allura. Da yawa lokaci guda amai zai jawo. Manja da nono da ake ɗura musu wai don a karya guba ba abin da suke ƙarawa sai amai. Kafso ɗin nan ja da rawaya da muke ba kowace dabba ba ya kashe bairos, in ma za a ba da irin wannan magani likita ne zai faɗi wanne da kuma nawa. Maganin ciwon jiki na mutane kuwa ƙara huda hanjin zai yi.

Sai maganar wanke gida, wadda a nan ne aka fi yin kuskure. Da yawa suna yayyafa Izal ko Dettol, su ji ƙamshi ya tashi, hankalinsu ya kwanta. Waɗannan ba a dogara da su a kan wannan ƙwaya. Abin da ke kashe ta shi ne bilic na wanki, irin su Hypo da Jik da muke sayarwa a tireda. Gwangwanin madara ɗaya na bilic a zuba cikin gwangwani 20 na ruwa. Amma sai an fara kwashe ƙazantar an wanke wurin da sabulu, domin bilic ba ya aiki a kan datti, sannan a zuba a bar shi ya jiƙa minti 10 kafin a ɗauraye. A riƙa haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da wani magani. Da shi za a wanke kwanon roba da na ƙarfe, da sarƙa, da ƙasan takalmi, da daɓen siminti. Kasko da ƙwarya suna shan ruwa, a fasa su a binne. Buhu da tsumma da igiya a ƙone. Ita kuwa ƙasa ba ta wankuwa, sai dai a kankare samanta da fartanya a inda aka yi zawo ko amai, a kai rami a binne, a kewaye wurin da ƙaya, a bar rana ta yi ta dukansa. Rana da bushewa suna rage ƙarfin ƙwayar, shi ya sa gidan da ta shiga da damina ya fi daɗewa cikin haɗari.

Don Allah kuma a daina jefa mushe a bola ko kududdufi ko bakin rafi. Nan ne karnukan gari ke taruwa, nan ƙuda ke sauka ya tashi. A haƙa rami mai zurfi a binne, a ɗora dutse ko ƙaya. Wanda ya tsira kuma a yi masa wanka sosai da sabulu bayan mako biyu kafin a sake shi cikin 'yan uwansa. Irin wannan kare ka riƙe shi da kyau, da wuya cutar ta sake kama shi.

Rigakafi akwai shi, allura ce da ake rubuta DHLPP a jikin kwalbarta, tana kare cututtuka biyar har da fabo. Ana fara yi wa kwikwiyo yana mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Dalilin maimaitawa shi ne kariyar da ya sha daga dakashin uwarsa tana iya hana allurar farko kamawa, kuma ba wanda ya san ranar da wannan kariya za ta ƙare. Wanda ya yi guda ɗaya ya tsaya, ya yi rabin aiki. Karya kuma a yi mata kafin barbara domin 'ya'yanta su amfana. Ba a yi wa wanda ya riga ya kwanta. Haka nan allurar haukan kare, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke yi, aikinta daban, ba ta hana fabo, duka biyun ake bukata. A kuma kula da inda ake saye. Wannan allura tana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kamar ta shan inna. Wadda aka fito da ita daga aljihu ko daga kan tebur a tsakiyar kasuwa cikin zafin bazara ta riga ta zama ruwa, ka biya kuɗi ka tafi gida da kare marar kariya.

Na san za a ce ina kuɗi, mutum bai gama da na taki ba. Gaskiya ne. Amma in kowa zai ɗauki kwikwiyo a kan mashin ya tafi Gusau sau uku, kuɗin mai kaɗai ya isa ya kashe gwiwa. Shawarata ga mafarautanmu da shugabanninsu ita ce a haɗa kai, a ƙidaya 'yan kwikwiyon gari, a yi karo-karo, a ɗauko ma'aikacin dabbobi ɗaya ya zo da allurar cikin kula da ƙanƙara, a tsayar da ranaku uku. Yadda muke haɗa kuɗi mu ɗauki mota guda zuwa kasuwa, haka wannan ma. Sai dai ranar allura kada a tara su wuri ɗaya suna shinshinar juna, a bi gida gida, kuma gidan da cutar ta shiga ya zama na ƙarshe. Masu tireda irina kuma, in mutum ya zo neman maganin kare mai zawon jini, mu faɗa masa gaskiya, mu miƙa masa bilic da gishiri da sukari mu nuna masa hanyar likita.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumar kula da lafiyar dabbobi ta Jihar Zamfara da ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, duk lokacin da za a fito rigakafin haukan kare, musamman wajen 28 ga Satumba da duniya ta keɓe wa wannan ciwo, a taho da ta fabo ko da da kuɗi ne mai rangwame, a kuma yi bayaninta a rediyo da Hausa. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni kuma, in an kawo muku ƙarar an sa wa kare guba, kafin a kira wanda ake tuhuma a tambayi mai ƙara wata nawa karen yake da shi, da irin kashin da ya yi, da ko akwai wani da ya riga shi kwanciya a gidan.

 

Naku,
Wani mai tireda kuma mafarauci,
Wanke, Ƙaramar Hukumar Gusau.