Uwar Kuɗi Da Uwar Jiki: Magana Ga Matanmu Masu Sana'a A Legas



Duk wanda ya san Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Obalende ya san cewa tun kafin kiran assalatu ake hura wuta a gidajen Hausawa. Mai waina ta tashi duba ƙullu, mai ƙosai ta kai markaɗe, mai tuwo ta ɗora sanwa, mai zoɓo da kunun aya tana neman ƙanƙara. Ga masu ɗinki, masu kitso da lalle, da masu sayar da atamfa, humra da turaren wuta ta WhatsApp. A gidaje da dama yau, daga wannan gumin ake biyan kuɗin haya da na makarantar yara.

Ra'ayinmu a wannan rubutu guda ɗaya ne. Mace mai sana'a tana da uwa biyu da za ta riƙa kiyayewa: uwar kuɗi, wato jarinta, da lafiya uwar jiki. Matanmu sun iya tattalin ta farkon gwargwadon hali, ta biyun kuwa an bar ta ga sa'a. Mu kuma muna ganin duk tsarin kasuwancin da bai sa lafiyar mai shi a lissafi ba, rabin tsari ne.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa ba ɓoyayye ba ne. A watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, a watan Satumba ta ƙara huɗu, ciki har da Mushin da Kosofe, inda Idi-Araba da Mile 12 suke. Magidanta da yawa suka rasa hanyar abinci. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na kayan abinci suka yi sama. Sana'ar da a da mace ke yi don sabulu da anko, yanzu ita ce ginshiƙin gida. Ga kuma zaman baƙunta. A Kano ko Sakkwato, idan mace ta kwanta ciwo akwai uwa, akwai ƙanwa, akwai maƙwabciyar da aka tashi tare, wata za ta karɓi tanda. A ɗakin haya a Legas, ranar da ta kwanta ranar ce ciniki ya tsaya, kuma daga cikin jarin za a ciri kuɗin asibiti.

Idan muka duba sana'o'in da suka karye a unguwanninmu, da wuya a ce rashin masu saye ne ya kashe su. Abincin Hausawa yana da kasuwa a nan, har Yarbawa da Ibo suna layin waina da fura. Ramuka uku ne suka fi cinye jarin mata: gauraya kuɗin sana'a da na cefane, bashin da ba ya dawowa, da ciwon da aka yi ta dannewa har ya kayar da mai shi. Dukansu ukun ana iya toshe su da littafi ɗaya da biro.

Mu fara da lissafi. A ce mai waina ta yi cinikin naira 20,000 a rana. Shinkafa, mai, yis, kayan miya, gawayi, niƙa, leda da kuɗin mota sun cinye 15,000. A ganinta ta ci ribar 5,000. To, da wata ta ɗauka ta yi mata wannan aikin daga asuba zuwa azahar, nawa za ta biya ta? A ce 3,000. Ashe ribar sana'ar 2,000 ce, sauran ladan guminta ne. Ba a ma cire kuɗin rumfa ba, ba a cire na sauya kasko ko tukunya idan sun lalace ba. Macen da ba ta yanka wa kanta lada takan karya farashi fiye da kima, tana ganin tana cin riba, alhali ƙarfinta take sayarwa a araha.

Shawararmu ita ce kuɗin ciniki ya rabu gida uku tun a daren da aka yi shi. Na farko uwar kuɗi, wadda za a sake saro kaya da ita. Wannan ba a taɓa ta, ko don suna ko don biki. Na biyu ladan mai sana'a, wanda take da ikon kashewa yadda ta so, ko a gida ko a kanta. Na uku ajiyar ko-ta-kwana, komai ƙanƙantarta, wadda aka tanada don abu biyu kacal: ciwo, da abin da ya faɗo wa kasuwa ba zato. Mun ga irin wannan a watan Janairun 2024, lokacin da gwamnatin jiha ta haramta fararen robobin zuba abinci masu kama da soso, masu abinci suka koma sayen mazubi mai tsada. Mun gani a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, inda mai asusun banki ta ci gaba da ciniki ta hanyar tura kuɗi, marar asusu kuma ta zauna da kayanta.

Saboda haka ya kamata sana'a ta sami asusunta daban, da sunan mai ita, ba na maigida ko na ɗanta ba. Wadda ke gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz, TAJBank da Lotus. Adashi ma hanya ce mai kyau da muka gada, amma da sharaɗi: zubin ya kasance wanda riba za ta iya ɗauka ko a makon da kasuwa ta yi sanyi, kuma tun ranar shiga mace ta san abin da za ta yi da kwasarta. Wadda ke ciro zubi daga uwar kuɗi don kada ta ji kunyar uwar adashi, da hannunta take rusa sana'arta. Wadda kuma sana'arta ta fara girma, ta yi wa sunan kasuwancinta rajista a hukumar CAC, mai ɗura abin sha a gora don kai wa shaguna ta nemi lambar NAFDAC. Ba tare da waɗannan takardu ba manyan kantuna ba sa karɓar kaya.

Sai bashi. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba mu ce a daina taimakon maƙwabci ba. Amma a sa masa iyaka. Mace ta yanke tun farko cewa abin da ke hannun mutane ba zai wuce kaza ba, ta rubuta suna da rana, wanda bai biya na baya ba kuma ba a ƙara masa. Abin takaici, masu cin bashin matanmu galibi mu ne na gida: ƙanin miji, abokin maigida, ɗan unguwa. Kunya ta hana ta tambaya, shi kuma ya yi kamar ya manta.

Tsari kuma ya haɗa da sanin yanayin shekara. Kowa ya san azumi da sallah lokacin cinikin ƙosai, kunu, ɗinki da lalle ne. Kowa ya san da damina tumatir da tattasai kan yi tsada a Mile 12, ruwa kuma ya cika tituna ya hana masu saye fitowa. Mai tsari takan ajiye daga watan samu don watan rashi. Haka nan takan san cewa bayan kwana talatin tana kan keken ɗinki har tsakar dare, dole jiki ya karɓi hutunsa bayan sallah.

A nan muka zo kan uwar jiki. Abin da muke gani shi ne mace ta tashi da ciwon kai ko ciwon baya, ta aika yaro kemis ya sayo mata haɗin ƙwayoyi, ta haɗiye ta koma bakin murhu. Gobe ma haka. Masana lafiya sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan shan magungunan kashe raɗaɗi irin su diclofenac da ibuprofen ba bisa umarnin likita ba yana iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya ba da alama, sai dai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Awonsa bai ɗaukar minti biyar a cibiyar lafiya ta unguwa ko babban kemis. Idan aka auna a ranaku daban-daban aka ga yana kaiwa 140 bisa 90 ko ya haura, to a ga likita, kuma idan an ɗora mace kan magani kada ta daina don ta ji sauƙi. A haɗa da gwajin suga.

Hayaƙi ma abin dubawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana kashe mutum kimanin miliyan 3 duk shekara a duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Mai suya da itace ko gawayi a lungun da iska ba ta ratsawa, da goyo a bayanta, ita da jaririn ne ke shan wannan hayaƙin. Fitar da murhu fili ba ya cin ko sisi. Wadda ta sami hali, tukunyar gas na cikin abubuwan da suka cancanci kwasar adashi, fiye da sabon leshi.

Haka batun haihuwa. Ciki ba ya zuwa wa sana'a ba zato, wata tara yake ba da sanarwa. A cikin watannin nan ya kamata a tanadi kuɗin awo da na haihuwa, a kuma koya wa wata amintacciya aikin don ta riƙe masu saye har a yi arba'in. Muna nufin babbar mace da za a biya ta ladanta, ba 'yar shekara goma da za a cire daga makaranta a ɗora mata tire ba. Tallan yara a titunan Legas haɗari ne da kowa ya sani, kuma ribar da aka samu da jahiltar da ɗiya faɗuwa ce.

Akwai kuma inshorar lafiya. Jihar Legas tana da shirin Ilera Eko, wanda ake biya shekara-shekara, na mutum ɗaya ko na iyali, kuma na mazauna jihar ne, ba na 'yan asalinta kaɗai ba. Mu ma muna biyan haraji da kuɗin tikiti a kasuwannin jihar nan, don haka babu dalilin da za mu ɗauka shirin na wasu ne. Mai sana'a ta je ta tambayi abin da ya ƙunsa da asibitin da ke kusa da ita, ta sa kuɗinsa cikin lissafin shekara kamar kuɗin haya.

Mun san abin da wasu za su ce: wadda sai ta fita take samun na tuwon dare, ina ta ga ranar hutu, ina ta ga ajiya? Magana ce mai nauyi, ba ma raina ta. Amma a auna. Hutun yini ɗaya a mako, ko rabin yini, asarar cinikin yini ɗaya ce. Kwanciya asibiti ta mako uku kuwa takan tafi da jari gaba ɗaya, ta bar bashi, masu saye kuma su koma wajen wata. Mai ƙaramin jari ita ta fi kowa buƙatar wannan tsari, domin ita ce ba ta da abin da za ta faɗa a kai. Naira 200 a rana ta zama 6,000 a wata, ta haura 70,000 a shekara. Wasu kuma za su ce ba su iya rubutun boko ba. A rubuta da ajami, ko yaro ɗan makaranta ya rubuta kowane dare, ko a yi asusu uku na gwangwani. Abin da ake so shi ne kuɗin su rabu.

Ga 'yan'uwanmu magidanta. Sana'ar mace ba ta sauke maka nauyin cefane ba. Abin da ta sa a tukunya daga ladanta kyautatawa ce, a gode mata. Idan ka ranci jarinta, ka biya kamar yadda za ka biya abokin kasuwancinka a Mile 12, da rana da adadi. Idan ka ga tana dafe kai tana ci gaba da suya, kai ne za ka ce a sauke kaskon a tafi asibiti. Ɗebo ruwa, raka yara makaranta ko saro mata buhun shinkafa a hanyarka ta dawowa ba ya rage wa namiji daraja.

Mu ma a ƙungiyance akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Muna saurin haɗa gudummawa idan an kwantar da 'yar'uwa ko an yi rasuwa, kuma hakan abin yabo ne. Muna ganin lokaci ya yi da za mu kashe wani ɓangare na wannan ƙoƙari tun kafin a kai ga haka: na'urar awon jini a wurin taron mata, ma'aikaciyar jinya daga cikin 'ya'yanmu da za ta riƙa dubawa, da 'yan'uwa masu ilimin lissafi da za su zauna da masu sana'a su nuna musu yadda ake riƙe littafi. Za mu gabatar da wannan shawara ga shugabanni da ɓangaren mata, kuma muna fatan iyayenmu mata za su zo da nasu gyaran, tunda su ne a bakin murhun.

Kafin nan, Hajiya, abu biyu muke roƙo a wannan makon: ki sayi littafi ki fara rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ki kuma je a auna jininki. Allah ya sa albarka a sana'a, ya ƙara lafiya, ya rufa mana asiri a wannan zama namu na Kudu.

Daga Sakataren Ƙungiya