Akori-kurarmu Ta Asabar

Masu karatu, wata bakwai ke nan muna fama da tsohuwar Land Rover akori-kura da muka jawo daga Kiyawa zuwa Dutse. Daga 1948 zuwa 2016 Ingila ta riƙa ƙera jikin irinta da alminiyon, ba ya tsatsa. Abin da ya ruɗe mu ke nan. Da ma mun fara shiga ƙarƙashinta da guduma! Ashe ruwan damina ya cinye ƙarfen da ke ɗauke da ita. Kuɗin fenti ya tafi wurin mai walda, uwargida kuwa sai kallo. Giyar taya huɗu dai lafiya lau, ta isa rairayin Jahun. Ran Asabar za mu Ƙofar Ruwa, Kano, neman kafireta.