Jan Tumatir: A Tukunya Ko A Kwalbar Magani?

Jan da kuke gani a jikin tumatir da kankana da jar gwaiba sinadari ne da masana ke kira laikofin. Masu tallar ƙwayoyin ƙarin lafiya sun kama sunansa suna yayatawa, mu kuwa a ganinmu mai neman amfaninsa tukunyar miya ya kamata ya nufa.

Laikofin ba ya narkewa a ruwa, sai a mai. A ɗanyen tumatir a kulle yake cikin tsokar, wuta ce ke sakin sa, mai kuma ya taimaka wa hanji ya tsotse shi. Ke nan uwargidan da ta markaɗa tumatir ta soya da man gyaɗa ta gama aikin tun kafin a sauke tuwo. Masu cewa dahuwa na kashe amfanin kayan lambu suna da gaskiya a kan bitamin C, amma ba a kan wannan ba.

Wani zai ce, ai binciken Jami'ar Harvard na 1995, wanda ya bi diddigin maza kusan 48,000, ya gano masu yawan cin miyar tumatir ba su cika kamuwa da sankarar furostet ba, wato ƙullutun nan na ƙarƙashin mafitsarar maza. Haka ne, amma abinci suka ci, ba ƙwaya suka haɗiya ba, kuma irin wannan bincike alaƙa kawai yake nunawa. Da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta auna hujjojin a 2005, ta ce na tumatir ƙalilan ne, na ƙwayar laikofin kuwa babu abin dogaro. Akwai ma abin tsoro. A Finland an ba dubban maza masu shan taba ƙwayar beta-karotin, ɗan'uwan laikofin da ke cikin karas, sai sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna sankarar huhu ƙaruwa ta yi a cikinsu.

Saura batun tsada, musamman da damina, lokacin da kwandon tumatir ke gagarar talaka. Tumatirin gwangwani ko na leda, idan na gaske ne, cokali guda nasa ya fi cokalin ɗanye laikofin, domin an ƙone ruwansa. Sai dai a duba lambar hukumar NAFDAC da jerin abin da aka zuba, don sitaci da kala ma suna sa miya ta yi ja.