Hudar bakin bindiga ba za ta tsare Kankiya ba

Tun lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya ce a shekarar 2021 mutanen Katsina su nemi makami su kare kansu, aka samu sabon rukunin masana bindiga a zaurukan WhatsApp. Akasarinsu ma'aikata ne mazauna Abuja da Kaduna, iliminsu kuwa daga YouTube. Da labarin hari ya zo daga ƙauyukan Kankiya ko Kusada, sai a ga sun turo bidiyon wani Ba'amurke yana luguden wuta da fistol mai kwamfenseta, wato ɗan ƙarfen nan mai hudoji da ake ɗaurawa a bakin bindiga, suna cewa da irin wannan ce a hannun 'yan sa-kai da an huta. Maganar ba ta da tushe, ko ta fuskar kimiyya ko ta doka.

Shurin bindiga daga abu biyu yake fitowa: harsashin da ya fita, da iskar albarushin da ta biyo shi. Harsashin milimita 9 nauyinsa kimanin giram 8 ne, yana fita da gudun wajen mita 360 a daƙiƙa. Albarushin da ke tura shi bai kai rabin giram ba. Iskar ta fi harsashin gudu nesa ba kusa ba, amma duk da haka rabonta a cikin shurin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Kwamfenseta kuwa iskar kaɗai yake iya juyawa. Kaso mafi girma, wanda harsashi ya haddasa, yana nan daram, sai ya sauka a tafin hannun mai harbi.

Inda ƙarfen yake da amfani na gaskiya shi ne ɗagawar baki. Bututun fistol yana saman hannu, saboda haka shuri yakan juya bindigar sama kamar an danna gindin tabarya. Hudojin suna fesa iska sama, su danne bakin ƙasa, harbi na biyu ya zo da wuri. Shi ya sa 'yan gasar harbi suke son sa, har sukan zaɓi harsashin .38 Super mai yawan albarushi domin ƙarfen ya sami iskar da zai yi aiki da ita. Amma mai gasa da rana yake harbi, kunnuwansa a toshe, allon da yake hari ba ya ramawa. Da daddare, lokacin da 'yan bindiga suka fi shigowa, wutar da ke tashi daga hudojin a gaban ido take tashi, ta kashe wa mutum gani na ɗan lokaci, ta kuma nuna wa maharin inda yake. Ƙarar ma ta fi tsanani. Ga ƙura da yashin hunturu da za su cika hudojin.

Sai batun da masu bidiyon ba su taɓa ambata ba. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, waɗanda lasisinsu ke hannun Shugaban Ƙasa. Manomin Kusada ba zai same shi ba. Abin da doka ta ba shi hanya a kai shi ne bindigar farauta da harba-ka-ruga. Ko da an ba shi fistol ɗin, amfaninta ba ya wuce mita 50, alhali wanda ya zo kora masa shanu yana riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30 da ke kaiwa mita 300.

Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023. Tambayoyin da suka kamaci mai ilimi ɗan Kankiya su ne: sau nawa waɗannan matasa suke zuwa filin atisaye a shekara, harsashi nawa kowannensu ya harba kafin a tura shi daji, ana biyan su a kan kari, kuma minti nawa ɗauki yake yi kafin ya iso ƙauye daga titin Kano zuwa Katsina. Ba a cika ganin waɗannan a zauren ba, domin amsarsu sai mutum ya tako har sakatariyar ƙaramar hukuma.