Aro Ba Sata Ba Ne: Darasi Daga Rayuwar Abubakar Imam

Kwanan baya ina rangadi a Sukuntuni, muna hira da waɗansu malamai bayan la'asar, sai wani saurayi daga cikinsu ya ce wai Alhaji Abubakar Imam bai ƙagi kome ba, labarun Larabawa da na Turawa kawai ya kwaso ya sa musu rigar Hausa. To, wannan magana tana bukatar amsa, gama idan malami ya raina littafi, almajiransa ba za su buɗe shi ba.

Mu fara duban asalin mutumin. An haifi Imam a Kagara cikin 1911, a gidan malamai, mahaifinsa alƙali ne. Tun yana yaro ya sha karatun allo da Larabci, ya kuma ji tatsuniya a bakin tsofaffi. Sa'an nan ya shiga Kwalejin Katsina cikin 1927, ya fito malami cikin 1932, ya koyar a Midil ta Katsina. Watau rijiya uku ya sha: ta Hausa, ta Larabci, da ta Turanci. Da aka sa gasar rubutu cikin 1933, ya aika da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara kuma ya aika da Ganɗoki.

Gaskiya ne, ya yi aro, kuma bai ɓoye ba. Sa'ad da ya zauna a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, Dokta East ya tara masa littattafan ƙasashe dabam dabam. Akun nan mai ba da labari asalinsa Indiya da Farisa ne. Kalalatu mai cinye kajin baƙo daga tatsuniyoyin Jamus ta fito. Amma wa ya taɓa karanta labarinta ya ji warin baƙunci? Zaure namu ne, fāda tamu ce, ba'a da karin magana duk namu ne. Auduga daga gonar wani, amma kaɗi da saƙa da rini na Imam ne. Abin da ya fi so shi ne raha mai ɗauke da wa'azi, da magana mai sauƙi wadda yaro zai fahimta, babba kuma ya yi murmushi.

Ba shi kaɗai ba ne. Ga maƙwabcinmu Malam Ahmadu Ingawa, wanda ya ɗauko jarumin tatsuniyar Rasha ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi. Haka Shekisfiya na Ingila ya ɗebo labarunsa daga littattafan magabata, ba wanda ya kira shi ɓarawo.

Abin lura shi ne, mai tushe kaɗai ke iya aro ya mai da abin nasa. Wanda bai san harshensa ba, kwaikwayo zai yi, ya zama hankaka mai da ɗan wani naka ba tare da ya iya reno ba. Saboda haka ina roƙon malamai na ƙasar Kankiya da Kusada, kada ku kori tatsuniya daga aji, kada ku hori yaro don ya yi Hausa. Ku sa su rubuta labarun kakanninsu, ku kuma ba su littattafan waje su karanta. Imam ya rasu cikin 1981. Magajinsa yana iya kasancewa zaune a bayan ajinka yau, yana jiran ka miƙa masa alƙalami.

Allah ya sa mu gane, amin.