Samarinmu da Turbo: Wannan Ganganci Ya Isa Haka



Yau maganata da samarinmu ce, masu kai mota wurin bakanike a taɓa musu turbo don ta yi gudun da kamfani bai yi ta dominsa ba, sannan su fito wasan mota ranar biki.

Bari mu fara da sanin abin da ake taɓawa. Turbo dai fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, tana cusa wa injin iska da ƙarfi don ya ƙona mai da yawa. Masu ƙera mota sun sa mata wata 'yar ƙofa da ke buɗewa idan matsin iska ya kai iyaka, rarar hayaƙi ta wuce. To wannan ƙofar ce ake ɗaurewa, ko a toshe tiyon da ke buɗe ta, wai an ƙara wa mota doki.

Haba jama'a! Iskar da aka matsa zafi take yi, mu kuma a watan Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40. Idan matsi ya yi yawa man sai ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, fistan ya narke, injin ya buga. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa kuka yake, amma ɗanka ya biya kuɗi a sa motarsa ta ƙara shan mai.

Asarar injin ma da sauƙi. An ƙara ƙarfin mota, birki da taya suna nan yadda suke. Daga Mbamoi zuwa Gadar Jimeta, titin nan na 'yan Keke Napep ne da yara 'yan Islamiyya da mata masu zuwa kasuwa. Idan aka take wani sai mu ce tsautsayi ne, alhali da hannunmu muka saya.

Iyayenmu sun zo Adamawa da fatauci da almajirci, suka zauna lafiya da Fulani da Bata da sauran masu gari. Ranar da yaronmu ya kashe ɗan wani, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi ɗan Hausawa ne.

Iyaye, ku tambayi abin da aka yi wa motar da kuka saya. Bakanikai, ku ji tsoron Allah, ku ƙi wannan aikin.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.