Kwamfuta da Hikayar Daji a Makarantun Birnin Gwari

Tun daga 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan bisa kwamfuta, sanin wannan na'ura ya zama wajibi a kan duk yaron Birnin Gwari mai burin shiga jami'a, ko da kuwa makarantarsu ta daɗe a garƙame saboda ta'adin 'yan bindiga. Saboda haka ba na tare da masu cewa a nisanta yara daga gare ta. A ganina hana su ita zalunci ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun ƙasa a 1999, tun kafin nan shi ne taskar hikayoyin mutanen wannan ƙasa, inda maharbi kan dawo da labarin giwa da gwanki, tsohuwa kuma ta ɗauko Gizo da Dodo ta zaunar da su a gindin itatuwan da yara suka sani. Yau kuwa, in aka ambaci daji, yaro ba ya suranta komai a ransa face babura da bindigogi, domin su ya gani da idonsa, su ne kuma wayar yayansa ke nanata masa a TikTok. Tsoro ne ya fara watsa dandali, waya ta tarar da gurbi ta zauna.

Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara, nan maƙwabta, a 1911, bai kai shekara ashirin da biyar ba ya wallafa Ruwan Bagaja, alhali jarinsa bai wuce karatun allo da na boko da kunne mai saurare ba. Hikimar abin ita ce, hoton da aka riga aka gama ba ya bar wa zuciya aiki, amma labarin da aka ji da kunne, tilas mai ji ya gina garin, ya sa wa sarkin rawani da kansa, kuma da wannan ginin basira ke ƙarfi.

Yanzu da sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Nuwamban 2024 ya sa aka sake buɗe kasuwar kara, ina roƙon hukumar ilmi da masarauta, duk makarantar da aka kai wa kwamfuta, a ware mata sa'a guda a mako da za a gayyato tsohon maharbi ko wata gwaggo mai tatsuniya, a rufe na'urori a saurara, sa'an nan a buɗe su kowane yaro ya buga labarin da Hausa, ya ƙarasa shi yadda ransa ya ba shi.